Ja ko fari: Yadda za a gane abin da ke cikin kwalbar inabi kafin a kai ta gida

Da zarar lokacin bukukuwa ya kama a Kontagora, ko na Sallah ko na aure, sai kantunan kayan masarufi su cika da wasu dogayen kwalabe masu siririn wuya, waɗanda aka naɗe bakinsu da takarda mai ƙyalli. Abin da ke cikin wasu ja ne wur, na wasu kuma fari ne mai sirkin ruwan ɗorawa. Ana jera su a teburin ango da amarya, ana saka su cikin kwandon kyautar da ake kai wa surukai da manya, kuma mai saye da mai sayarwa duk suna kiran su da sunan Turanci guda ɗaya, wato "wine".

Sunan nan guda ya lulluɓe abubuwa uku mabambanta. Akwai ruwan inabi zalla wanda bai taɓa zama giya ba. Akwai giyar inabi da aka cire wa barasa bayan an gama haɗa ta. Akwai kuma giyar inabi cikakkiya mai sa maye. Kwalbarsu iri ɗaya ce, launinsu ma ɗaya ne, sai dai Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane. Ga magidancin da addininsa ya haramta masa giya, da mai juna biyu, da direban da zai kama hanya bayan walima, kuskure a nan ba ƙaramin abu ba ne.

Haka ma ɗan kasuwa yana da abin tsoro. A shekarar 2000, zamanin Gwamna Abdulkadir Kure, Neja ta shiga sahun jihohin Arewa da suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci, kuma jihar na da hukumar da ke kula da lasisin sayar da barasa. Kontagora na kan babbar hanyar da ta taso daga Legas ta Ilori, Jebba da Mokwa ta nufi Yawuri, don haka kayan da aka sauke a tashar jiragen ruwa ba sa daɗewa kafin su iso kasuwar garin. Mai kantin da ya saro katan bai karanta ba yana iya wayar gari yana sayar da abin da ba shi da izinin sayarwa.

Domin a fahimci bambancin, ya kamata a leƙa Italiya, ƙasar da a mafi yawan shekarun nan ta fi kowace samar da giyar inabi a duniya, inda abin da take matsa a shekara yakan haura lita biliyan 4. Ƙa'idojinta na rubutu a jikin kwalba suna cikin mafiya tsauri, kuma wanda ya gane su zai iya karanta kwalbar kowace ƙasa.

Daga ina launin yake zuwa?

Mutane da yawa na zaton jan inabi ne ke ba da jan ruwa, farin inabi kuma farin ruwa. Al'amarin ya ɗan fi haka zurfi. Idan aka ɓare ƙwayar inabi, baƙa ce ko koriya, tsokar cikinta kusan duk fara ce, ruwanta kuma garai-garai. Launin yana cikin ɓawo ne, a wani sinadari irin wanda ke rina zoɓo ya yi ja.

Don haka mai son ja yakan murƙushe baƙin inabi ya bar ruwan tare da ɓawon da 'ya'yan na tsawon kwanaki, wani lokaci makonni, har ruwan ya tsotse launin da kuma ɗan baurin nan mai kama harshe irin na ɗanyen goro. Mai son fari kuwa yakan matse inabin nan take, ya ware ɓawon gefe guda. Ta wannan hanya ana iya samun farin ruwa daga baƙin inabi, kamar yadda ake yi a yankin Champagne na Faransa da irin da ake kira Pinot Noir. Idan kuma aka bar ɓawon na 'yan sa'o'i kawai, sai a samu launin ruwan hoda.

A Italiya, shahararrun nau'o'in da ake yin ja da su sun haɗa da Sangiovese na yankin Tuskani da Nebbiolo na yankin Piyemonte a arewa maso yamma. Na fari kuwa akwai Trebbiano, Pinot Grigio da Glera wanda ake yin Prosecco mai kumfa da shi.

Abin lura shi ne launi ba ya faɗin komai game da barasa. Akwai masu ɗauka cewa farar ta fi sauƙi ko kuma ba giya ba ce sam. Wannan kuskure ne. Farar giyar inabi takan ƙunshi barasa kashi 11 zuwa 13 cikin 100, ja kuma 12 zuwa 15. Dukkansu sun ninka giyar kwalba da aka saba gani a mashaya, wadda ba ta cika wuce kashi 5 ko 6 ba.

Abin da ke mayar da ruwa giya

Iyakar da ke tsakanin ruwan inabi da giya ita ce tsimuwa. Nunannen inabi cike yake da sukari, wanda yakan kai giram 200 ko fiye a kowace lita ta ruwansa. A jikin ɓawonsa, da cikin iska, akwai ƙananan halittun da ido ba ya gani, dangin yis ɗin da mata ke kwaɓa fanke da shi. Da zarar sun haɗu da ruwan, sai su cinye sukarin su fitar da abu biyu: barasa da iskar gas. Kimanin giram 17 na sukari a lita ɗaya ne ke ba da kashi ɗaya cikin 100 na barasa. Masanin kimiyyar nan na Faransa, Louis Pasteur, shi ne ya tabbatar a tsakiyar ƙarni na 19 cewa halittu masu rai ne ke wannan aiki.

Abin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kunun zaƙin da ya kwana biyu a ɗaki mai zafi, ya fara kumfa yana ɗaga murfin gora, tsimuwa ce ta soma kama shi. Masu dafa burkutu sai sun jiƙa dawa ta yi tsiro kafin garinta ya koma sukari. Shi kuwa inabi da sukarinsa ya zo, shi ya sa idan aka matse shi aka ƙyale, da kansa zai zama giya ba tare da an ƙara masa komai ba.

Ke nan hana ruwan inabi tsimuwa shi ne aikin da ke buƙatar dabara. Wanda ya fara yin hakan don amfanin jama'a wani likitan haƙori ne a Amurka, Thomas Welch, a garin Vineland na jihar New Jersey, a shekarar 1869. Ɗan ɗariƙar Methodist ne mai ƙyamar giya, kuma ya so cocinsu ya samu ruwan inabi marar sa maye don ibada. Sai ya bi hanyar Pasteur, ya dumama ruwan a cikin kwalba rufaffiya har zafi ya kashe yis ɗin. Ruwan inabin kwalba da na kwali da ake sha a yau duk jikokin wannan dabara ne.

Gidajen da suka gaji sana'ar

A Italiya sana'ar inabi gado ce, kamar yadda rini yake a Ƙofar Mata ta Kano ko ƙera tagulla a Bida. Mafi yawan gonakin ƙanana ne, na iyali, inda uba ke yanke rassa da sanyin hunturu, 'ya'ya da dangi su taru a watannin Satumba da Oktoba don girbi, sannan sunan gidan ya hau kan kwalba.

Wasu gidajen sun daɗe ƙwarai. Iyalan Antinori na birnin Florence suna ƙirga tarihinsu daga shekarar 1385, lokacin da kakansu Giovanni di Piero Antinori ya shiga ƙungiyar masu sana'ar inabi ta birnin. Zuriya 26 ke nan a jere, kuma a yau 'ya'yan Piero Antinori mata su uku, Albiera, Allegra da Alessia, ke riƙe da ragamar kamfanin. Gidan Frescobaldi, shi ma na Florence, ya haura shekara 700 a sana'ar. Gidan Gaja na ƙauyen Barbaresco ya fara a 1859.

Suna linzami ne. Gidan da ya ɗauki ɗaruruwan shekaru yana gina sunansa ya san cewa kwalba ɗaya ta algus na iya rusa shi. Amma hukumomi ba su bar abin ga amana kaɗai ba. Tun a 1716 mai mulkin Tuskani, Cosimo na Uku na gidan Medici, ya shata iyakokin ƙasar da za a iya kiran giyarta Chianti. A 1963 Italiya ta kafa dokar da ta samar da tambarin DOC, wanda ke tabbatar da yankin da aka noma inabin, irin da aka yi amfani da shi, da yawan abin da aka yarda a girba a kowace kadada. A 1980 aka fara bayar da mataki mafi tsauri, DOCG, ga sunaye irin su Barolo da Brunello di Montalcino. Barolo, alal misali, ba ya fita kasuwa sai ya yi wata 38 a ajiye, 18 daga ciki a gangar katako. A yau akwai DOC sama da 300 da DOCG sama da 70, kuma kowace kwalbar DOCG na ɗauke da siririyar takarda mai lamba a wuyanta, wadda ma'aikatar buga takardun sirri ta gwamnatin ƙasar ke bugawa.

Wani ɓangare na wannan tsauri bala'i ne ya haife shi. A watan Maris na 1986 aka gano cewa wasu 'yan kasuwa a garin Narzole na Piyemonte suna zuba sinadarin methanol a giya mai araha don ƙara mata ƙarfi. Aƙalla mutum 19 suka mutu, wasu suka makance, kasuwar Italiya a ƙetare kuma ta faɗi warwas. Bayan nan aka tsananta bincike, sannan a 1992 aka sake fasalin dokar baki ɗaya. Amfanin wannan tarihi ga mai saye a Kontagora shi ne, abin da aka rubuta a jikin kwalbar Italiya ta gaskiya doka ce ta tilasta rubuta shi, don haka ana iya dogara da shi wajen gane abin da za a guje wa.

Wadda aka cire wa barasa

Rukunin da ya fi rikita mutane shi ne na tsakiya. A nan ana haɗa giya ce cikakkiya, ta tsimu yadda ya kamata, daga baya a cire barasar. Hanya ɗaya ita ce a saka ta cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska. A al'ada barasa na tafasa a digiri 78 na ma'aunin Salshiyas, amma idan babu matsin iska sai ta tashi a matsayin tururi da ɗan ɗumi kaɗan, a janye ta ba tare da an dafe ɗanɗanon ba. Wata hanyar kuma ita ce a tace ta da matata mai ƙananan ƙofofi ƙwarai.

Ba kasafai cirewar ke kaiwa ƙurewa ba. Dokar Tarayyar Turai ta watan Disamban 2021 ta yarda a kira giya "wadda aka cire wa barasa" matuƙar abin da ya rage bai wuce kashi 0.5 cikin 100 ba. Abin da ya haura haka ana kiran sa "wadda aka rage wa barasa", kuma wannan na iya sa maye. Italiya ta daɗe tana jan ƙafa a kan lamarin saboda adawar masu riƙe da tsohuwar al'ada, sai a Disamban 2024 ma'aikatar noma ta ƙasar ta amince a riƙa yin irin wannan a cikin gida, bisa sharaɗin ba za a taɓa masu tambarin DOC da DOCG ba.

Ta fuskar addini, hukumomin tantance halal na duniya ba su yi magana da murya ɗaya ba. Wasu na amincewa da abin da gwaji ya nuna babu barasa a cikinsa ko kaɗan. Majalisar fatawa ta Malesiya kuwa ta yanke a 2011 cewa duk abin shan da aka bi hanyar haɗa giya wajen yin sa haramun ne, ko da an cire barasar daga baya. Wannan fage ne na malamai, amma malamin ba zai iya amsawa daidai ba sai mai tambaya ya san wace kwalba ce a hannunsa.

Yadda ake karanta takardar kwalba

Abu na farko da za a nema shi ne lamba mai alamar kashi cikin ɗari, wadda kalmar "vol" ko "alc" ke biye da ita, kamar 12.5% vol. Takan kasance a ƙasan takardar gaba ko a ta baya, da ƙananan haruffa. Wannan ita ce yawan barasar.

Na biyu, kada zaƙi da kumfa su ruɗi mutum. Moscato d'Asti fara ce mai zaƙi da ƙamshi kamar lemon kwalba, amma tana da barasa wajen kashi 5 cikin 100. Lambrusco ja ce mai kumfa, kuma mai zaƙin cikinta takan kai kashi 8. Irin waɗannan ne suka fi saurin shiga hannun yara da mata a wurin biki ba tare da kowa ya ankara ba.

Na uku, akwai kalmomin Italiyanci da ya kamata a haddace. "Vino" giyar inabi ce. "Rosso" ja, "bianco" fari, kuma launi kawai suke nufi. "Spumante" da "frizzante" na nufin mai kumfa. "Dealcolato" wadda aka cire wa barasa, "parzialmente dealcolato" wadda aka rage wa. "Succo d'uva" shi ne ruwan inabi zalla. Duk kwalbar da ke ɗauke da DOC ko DOCG kuwa giya ce, babu ko shakka.

Na huɗu, rashin ganin lambar barasa ba hujja ba ce cewa babu ita. Dokar Turai ta wajabta rubuta adadin ne a kan abin shan da ya haura kashi 1.2 cikin 100, kuma dokar Italiya ta 2001 daga wannan mataki take fara ƙirga abin sha a matsayin mai barasa. Ke nan kalmar "analcolico", ko takwararta ta Turanci "non-alcoholic", ba lallai ta nufi sifili ba. Mai son kuɓuta daga shakka sai ya nemi 0.0%, sannan ya duba jerin kayan haɗi. Idan ya ga "grape juice" tare da ruwa da gas, ruwan inabi ne. Idan ya ga "dealcoholised wine", to giya ce da aka cire wa barasa.

Na biyar, a duba lambar rajistar hukumar NAFDAC, da sunan kamfanin da ya shigo da kayan da adireshinsa, da ranar ƙarewar wa'adi. Ruwan inabi zalla yana lalacewa. Da zarar an buɗe shi yis na iya shiga, kuma a zafin watan Maris da Afrilu na Kontagora, ga ƙarancin wutar lantarki, abin da ya rage a kwalba na iya fara tsimuwa cikin 'yan kwanaki. Kwalin da ya kumbura, ko ruwan da ya canza wari, zubarwa ya kamata a yi.

Matsalar jabu

Duk wannan karatu yana amfani ne idan takardar gaskiya ce. A watan Disamban 2023 hukumar NAFDAC ta kai samame kasuwar Eziukwu da ke Aba a jihar Abiya, ta rufe shaguna sama da 200 inda ake cika tsofaffin kwalabe da jabun kayan sha, a manna musu takardun shahararrun kamfanoni. Kafin nan, a 2015, gubar methanol a giyar gargajiya ta kashe gwamman mutane a jihohin Ondo da Ribas. Wannan guba takan fara da ciwon kai da amai, sannan gani ya dushe, kuma wanda ya nuna alamun yana buƙatar asibiti nan take.

Alamomin jabu sukan bayyana ga mai natsuwa: murfin da ke juyawa ba tare da ya ɓalle hatimi ba, takardar da aka manna a karkace, kuskuren rubutu a sunan kamfani, gurɓataccen ruwa mai laka a gindi, da farashin da ya yi arahar da hankali ba zai ɗauka ba. Sayen kwalba a hannun mai talla a tasha, ba tare da sanin inda ya saro ta ba, cinikin biri ne a sama.

Akwai kuma maganar da ke yawo a Facebook da WhatsApp cewa kofi ɗaya na jar giyar inabi yana gyara zuciya ko ƙara jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a watan Janairun 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutar da lafiya, kuma tun 1988 cibiyarta mai binciken cutar daji ta saka barasa a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa cutar. Sinadaran da ake yabo a cikin jan launin suna nan a ɓawon inabin da ake ci ɗanye. Shi ma ruwan inabi zalla sukarinsa na da yawa, don haka masu ciwon sukari su yi hattara da shi.

Inabin gida

Inabi ba sai an tsallaka teku ba. A ƙaramar hukumar Kudan ta jihar Kaduna, mai hedikwata a Hunƙuyi kusa da Zariya, manoma sun shahara da nomansa, kuma galibi ɗanye suke sayar da shi, abin da ke tilasta musu karɓar duk farashin da dillali ya yanka kafin kayan su lalace. Dabarar da Welch ya yi amfani da ita a ɗakin girkinsa shekara sama da 150 da suka wuce ba ta fi ƙarfin ƙungiyar manoma ba: matsewa, tacewa, dumamawa da rufewa a kwalba mai tsabta.

Haka nan Kontagora na da nata ja da farin tun fil azal, wato zoɓo da kunun aya, waɗanda matan gida ke yi su zuba a gorar roba ba suna ba kwanan wata. Abin koyi daga gidajen Italiya shi ne ɗabi'ar rubuta sunan gida a kan kaya, da faɗin abin da ke ciki dalla-dalla, da yarda hukuma ta zo ta gwada. Da haka ne ƙaramar gonar iyali ke samun mai saye a ƙasar da ba ta taɓa gani ba.

Kafin a kai ga wannan mataki, nauyin yana wuyan mai saye da mai sayarwa. Juya kwalba a karanta bayanta ba ya cin minti ɗaya. Wanda bai iya karatun boko ba ya nemi ɗansa ko maƙwabcinsa ya duba masa lambar, mai kanti kuma ya ware kayan da ya tabbatar da su daga waɗanda yake shakka. Matambayi dai ba ya ɓata.